Hanyar Waya a Cikin Bango: Yadda Ingila Ta Koyi Tunawa da Mai Kafa Ƙusa

A rayuwar kowane gida na bulo da siminti akwai wasu 'yan kwanaki ƙalilan da ake iya ganin inda wayar wuta za ta bi. Magina sun gama jera bulo, mai wayarin ya zo da guduma da kurfi ya sassaƙe bango, ya kwantar da farin faif na roba a cikin ramin, ya danne shi da lanƙwasassun ƙusoshi, ya dasa ƙananan akwatuna inda soket da makunni za su zauna. Sai mai filasta ya bi ya shafe komai, mai fenti ya biyo bayansa, magana ta ƙare. Gidan zai yi shekara arba'in ko hamsin, a sayar da shi, a ci gadonsa, 'yan haya su shiga su fita, ba wanda zai sake ganin faif ɗin nan. Amma kusan kowannensu zai huda bangon: wannan zai rataya agogo, wancan zai kafa sandar labule, wani ya ɗaura talabijin, wata ta sa kafinta ya maƙala mata kanta a kicin. Ƙa'idar da ta ce wayar da aka binne ta miƙe sak daga soket ko makunni, ko dai ta yi sama, ko ta yi ƙasa, ko ta yi gefe, saboda waɗannan mutanen aka yi ta. Ita ce hanyar da masu sana'ar suka samo ta gaya wa wanda bai zo ba tukuna inda haɗari yake kwance. A ganina ita ce mafi arahar kariya a duk aikin wayarin, kuma a cikin abin da Nijeriya ta gada daga Ingila a wannan sana'a, ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Da farko ba ƙusa ce ta tayar wa Turawan Ingila hankali ba, gobara ce. A wajajen 1880, lokacin da fitilar Joseph Swan da ta Thomas Edison suka fara shiga gidajen attajirai, kowa yana ja wa kansa waya yadda ya ga dama. Gidan Hatfield na Lord Salisbury, wanda daga baya ya zama firayim minista, ya yi suna a wannan: wayoyin suna tartsatsi a jikin katakon rufi, har iyalin gidan suka saba jifan wurin da matashin kai don kashe wutar. A ƙarshen 1881 wani ma'aikacin gidan ya kama tsirarar waya a lambu, ya mutu. Kamfanonin inshora, waɗanda su ne za su biya in gida ya ƙone, ba su tsaya jiran gwamnati ba. Kamfanin Phoenix ya fitar da nasa sharuɗɗan a 1882, waɗanda injiniyansa Musgrave Heaphy ya tsara. A shekarar ce kuma ƙungiyar injiniyoyin tangaraho da lantarki ta Landan ta buga nata ƙa'idojin, shafi huɗu kacal, kuma sunan takardar kansa maganar kare gobara yake yi. Daga wannan 'yar takarda ne littafin da a yau ake kira BS 7671 ya tsiro, bugu bayan bugu, har zuwa na 18 da ya fito a 2018 da ɗaruruwan shafuka. Abin lura shi ne tun a waɗannan shafuka huɗu an ce idan aka ɓoye waya, kamar a ƙarƙashin katakon daɓe, to a kare ta daga abin da zai ji mata rauni, a kuma nuna inda take. Ke nan tun ranar farko an gane matsalar. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne yadda za a nuna wurin ta hanyar da ba za ta goge ba.

Shekaru da dama matsalar ba ta matsa ba, domin yawancin wayar a fili take. Ana kafa dogon katako mai rami biyu a jikin bango, a kwantar da waya ɗaya a kowane rami don kada su haɗu, a rufe da wani siririn katako. Kowa ya shigo ɗakin ya ga inda wuta ta bi, ba kuma mahaukacin da zai saita ƙusa a kai. Rigar wayar kuwa roba ce ta itace da aka naɗe da zare, wadda kan bushe ta farfashe bayan shekaru, shi ya sa aka riƙa neman abin da zai ƙara kare ta: wasu suka sa mata rigar dalma, wasu suka zura ta cikin bututun ƙarfe. Da wuta ta tashi daga kayan gidan masu hannu da shuni ta zama ta kowa, sai sha'awar mutane ta sauya. A 1918 gidajen Birtaniya da ke da wutar lantarki ba su wuce 6 cikin 100 ba. Zuwa 1939 sun kai kusan biyu bisa uku. Masu sababbin gidaje suna son bango sumul, ba katako, ba bututu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma robar PVC ta maye gurbin tsohuwar, ga araha, ga laushi, ga daɗewa, ana iya binne ta a filasta ba tare da wahalar lanƙwasa ƙarfe ba. Haɗarin tsufan waya ya ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma wayar ta ɓace wa ido, kuma rigar da ke kanta ba ta iya tare ƙusa.

Yawan wayar da ke cikin bangon ma ya ninka, kuma wannan yana da nasa tarihin. A 1942, ana tsakiyar yaƙi, gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti ya tsara yadda za a yi wayarin gidajen da za a gina in an gama. A cikinsa akwai mace ɗaya tak, injiniya Caroline Haslett, wadda ta daɗe tana fafutukar ganin wuta ta rage wa mata wahalar aikin gida. Rahotonsu ya fito a 1944. Kafin nan gida yakan samu soket ɗaya ko biyu masu zagayayyun ƙafafu, na amfiya 2 ko 5 ko 15, kowanne da girmansa, manyan kuma kowanne da wayarsa tun daga akwatin fis. Jan ƙarfe ya yi ƙaranci, sai kwamitin ya kawo dabarar zobe: waya ɗaya ta fito daga akwatin, ta ratsa soket bayan soket, ta koma inda ta fito. Tunda fis ɗin da ke tsaron zoben babba ne, na amfiya 30, sai aka sa wa kowane fulogi nasa ƙaramin fis a ciki, aka kuma yi wa ramukan soket marfi don kada yaro ya zura wani abu. Wannan shi ne fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa, na amfiya 13, da aka tabbatar a 1947 da lambar BS 1363, wanda har yau shi ne a bangon gidajen Kano da Accra. Dabarar ta sa soket ya yi araha, ɗaki ɗaya ya samu uku ko huɗu, kuma tsakanin kowane biyu akwai waya mai rai a ƙarƙashin filasta.

Maganin da ƙa'idojin Ingila suka tsaya a kai mai sauƙi ne har mutum ya raina shi. An ware wurare a jikin bango aka ce nan ne hurumin waya. Na farko shi ne tsiri mai faɗin milimita 150 daga saman bango, inda ya haɗu da silin. Na biyu irin wannan tsirin ne a kowace kusurwa da bango biyu suka haɗu. Sai kuma layin da ya miƙe tsaye ko kwance daga duk wani abu da ido ke gani, soket ne ko makunni ko fitilar bango. In bangon siriri ne, bai wuce milimita 100 ba, hurumin yana ratsawa har ɗaya fuskar, domin ƙusar da aka buga daga ɗakin maƙwabta za ta iya isa. Duk wayar da za ta fita daga waɗannan wurare, dole ko dai a nitsar da ita fiye da milimita 50, ko a sa ta cikin bututun ƙarfe da aka haɗa da wayar ƙasa, ko a yi amfani da waya mai sulke. Hikimar abin tana ga soket ɗin kansa. Takarda tana ɓacewa, alamar fenti tana gogewa, wanda ya yi aikin yana mutuwa ko ya bar gari, amma soket yana nan a bango muddin wayar na nan. Mai riƙe da injin huda bango, ko da bai san komai game da lantarki ba, in ya ga makunni ya san kada ya huda saitin samansa ko ƙasansa ko gefensa, sauran bangon kuwa nasa ne.

Abin da ke faruwa in aka saɓa wa wannan ya fito fili a wani hatsari da ya auku a yammacin Landan a 2004, wanda jaridun ƙasar suka yi ta yaɗawa. An yi wa wani gida sabon kicin, aka ja waya zuwa fankar da ke zuƙe hayaƙin girki. Wayar ba ta miƙe ba, ta ɗan karkace kaɗan daga layin da ake tsammani, kuma ba ta da zurfi. Daga baya maigidan ya kafa maratayin ƙarfe na cokula da ludaya a wurin da a ƙa'ida bai kamata a ce akwai waya ba. Sukurun ya gogi rigar wayar bai huda ta nan take ba. Shekaru suka wuce, ana rataya kaya ana cirewa, sukurun yana ɗan motsi yana cin robar, har ranar da ya taɓa jan ƙarfen. Matar gidan, uwar yara biyu, ta kai hannu kan maratayin yayin da ƙafarta ke taɓa ƙofar ƙarfe ta injin wanke kwanuka, wuta ta bi ta jikinta, ta rasu. Fis bai ƙone ba, domin ba aikinsa ba ne. Fis da bireka suna kare waya daga ɗaukar wutar da ta fi ƙarfinta, amfiya 13 ko 32, alhali abin da ke rikita bugun zuciyar mutum bai kai kaso ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Wanda ya karkatar da wayar bai yi nufin cutar da kowa ba, wataƙila ma ya manta da gidan. Maigidan kuma ya yi daidai abin da ƙa'ida ta ba shi damar yi.

Mai suka zai ce waɗannan lambobi son rai ne kawai. Me ya sa 150, ba 200 ba? Ai ita wuta ba ruwanta da miƙe ko karkace, za ta bi waya duk inda aka kai ta. Kuma ga shi sauran ƙasashe ba su yarda da lambobin Ingila ba. A Jamus hurumin da ke kwance yana tsakanin santimita 15 da 45 daga silin, akwai kuma irinsa daga ƙasa, wanda Ingila ba ta da shi. Na tsaye yana tsakanin santimita 10 da 30 daga kusurwa ko bakin ƙofa ko taga. A Amurka, inda bangon gidaje yawanci katako ne, cewa aka yi ramin da waya ta ratsa ya nisanci gefen katakon da inci ɗaya da kwata, in ba haka ba a rufe wurin da farantin ƙarfe. Duk wannan gaskiya ne, amma bai rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ya yi. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, Ingila tana nan a hagu, ba kuma wanda zai ce ɗaya ya fi ɗaya dacewa da halittar mota. Abin da ke hana karo shi ne duk direbobin da ke kan titi ɗaya su san hannun da ake bi. Lambar ba ita ce muhimmiya ba, yarda da ita ce. Wani abin ma shi ne duk da bambancin lambobin, ƙasashen da ke gini da bulo sun haɗu a kan abu guda. Ƙa'idar Faransa, wadda Nijar ta tashi a kanta, ta hana sassaƙa bango a karkace. Mai wayarin na Maraɗi da na Katsina soket ɗinsu daban, fulogin wannan ba ya shiga bangon wancan, amma littattafan da sana'arsu ta fito daga ciki duka ba su yarda a yanke hanya daga kusurwa zuwa kusurwa haka kawai ba.

Wutar lantarki ta iso Legas a 1896. A Arewa, kamfanin NESCO ya fara samar da ita daga ruwan Kurra saboda ma'adinan kuza na Jos a wajajen 1930, Kano kuma ta samu tata a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a ƙarƙashin hukumar En'e. Daga baya aka kafa hukumar lantarki ta ECN, sannan NEPA a 1972, sunan da har yau ke bakin mutane duk da an daɗe da rusa ta. Injiniyoyin da suka kafa wannan tsari da littafin Ingila suka yi aiki, da shi kuma aka koyar a makarantun sana'a, shi ya sa mai wayarin a Fagge ko Tudun Wada yake maganar layif da nutural da at (wato wayar ƙasa), yake sayen waya mai kauri 1.5 don fitilu, 2.5 don soket, 4 ko 6 don na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki. Har soket mai zagayayyun ƙafafu na amfiya 15, wanda Ingila ta daina sa wa gidaje, yana nan a bayan na'urorin sanyaya ɗakinmu. Launukan rigar waya ma haka. Ingila ta sauya daga ja da baƙi zuwa ruwan ƙasa da shuɗi, aka kammala sauyin a 2006, amma ja da baƙi ne suka cika shagunan kayan wuta a nan, yayin da igiyar firji ko dutsen guga ke zuwa da sababbin launukan. A tsarin wuta mai layi uku abin ya fi haɗari, domin shuɗi da yake ɗauke da wuta a tsohon tsari shi ne nutural a sabon, baƙi kuma da yake nutural ya koma ɗaukar wuta. Duk waɗannan abubuwa ne da ake saye a kasuwa, ana gani, ana taɓawa, don haka sun yaɗu da kansu. Hanyar waya kuwa ba a sayar da ita a shago. Sai dai oga ya koya wa yaronsa, kuma in ogan bai ɗauke ta da muhimmanci ba, ta tsaya a nan.

Hujjar da aka fi ji a wurin gini ita ce ta kuɗi, kuma ba ta raini ba ce, domin waya ta yi tsada, mai gida kuma yana ƙirga kowane ƙulli. Amma a yi lissafi. In makunni yana nesa da inda wayar za ta shiga silin da mita 3 a kwance da mita 2 a tsaye, bin ƙa'ida zai ci mita 5, yanke hanya zai ci kusan mita 3.6. Abin da aka tsira da shi bai kai mita ɗaya da rabi ba a kowace waya, a gidan da aka kashe wa miliyoyi. Wasu kuma sukan ce ai wayar tana cikin faif, ba tsirara take ba. Faif ɗin roba yana da amfaninsa: yana raba waya da siminti, yana kuma ba da damar a zare ta a sauya ba tare da fasa bango ba. Sai dai ƙusar kankare da injin huda ba sa ma jin sun ratsa shi. Sai masu cewa a nitsar da shi can ciki inda ƙusa ba ta kai wa. Wannan yana da iyaka, domin bango ɗaukar nauyi yake yi. A Ingila an taƙaita zurfin sassaƙa ta tsaye ga kaso ɗaya cikin uku na kaurin bango, ta kwance kuma ga ɗaya cikin shida. Bulonmu na inci 6 da inci 9 mai rami ne a ciki, fatarsa ba ta da kauri, kuma doguwar sassaƙa a karkace tana karya bulo bayan bulo a layi ɗaya, wato ana raunana ginin don a ajiye waya a inda ba wanda zai zata.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ta ce zamani ya wuce wannan damuwar, tunda akwai na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ji tana zurarewa ta wata hanya. Wannan na'ura, wadda aka inganta a ma'adinan zinari na Afirka ta Kudu a shekarun 1950, tana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, in bambancin ya kai miliamfiya 30 sai ta katse cikin ƙiftawar ido. Ta ceci rayuka masu yawa, kuma duk gidan da ba shi da ita yana da babban giɓi. Amma yadda Ingila ta yi da ita abin dubawa ne. Bugu na 17 na ƙa'idojin, a 2008, ya wajabta ta ga wayar da aka binne ƙasa da zurfin milimita 50, bai kuma soke hurumin waya ba. An ce a yi duka biyun. Dalili kuwa a fili yake. Na'ura tana iya maƙalewa in ba a gwada ta, ana kuma iya samun wanda zai tsallake ta saboda ta cika yanke wuta. Sannan ƙusar da ta yanke rabin jan ƙarfen ba tare da wuta ta zurara ba tana barin wuri siriri da zai riƙa zafi duk lokacin da aka kunna hita, na'urar kuma ba ta ganin wannan. Haka ɗaukar hoton bango kafin filasta dabara ce mai kyau da ya kamata kowane mai gini ya yi, amma hoton yana cikin wayar hannun mai gida, ba ya bin gidan zuwa hannun ɗan haya na uku.

A takarda Nijeriya ba ta rasa doka ba. Akwai ƙa'idojin samar da wuta da wayarin da hukumar NERC ta fitar a 2015, akwai hukumar NEMSA da aka kafa da dokar wannan shekarar don duba aikin lantarki da ba masu yin sa takardar shaida. Sai dai hanyar waya tana da wata siffa da ta bambanta ta da sauran abubuwan da ake dubawa: bayan filasta ba a iya ganinta, kuma gwajin da ake yi da mita zai nuna komai lafiya ko da faif ɗin ya yi ta yawo a bango. Lokacin dubawar ɗaya ne, wato kafin a rufe, kuma wanda ke wurin a ranar yawanci mai gida ne ko wakilinsa. Ba ya buƙatar takardar makaranta kafin ya tsaya gaban kowane akwatin soket ya bi faif da ido, ya ce a sake duk wanda ya karkace. Gidajenmu ma sun fi na Ingila buƙatar haka, domin ba a gama yi musu wayarin sau ɗaya. Bayan an tare ake kawo janareta, a ja masa layi zuwa makunnin sauya wuta. Bayan wasu shekaru a sa sola da batura, a sake jan wani. Kowane zuwa da sabon ma'aikaci, da sabon huji. A irin wannan ƙarin aiki, inda ba a iya bin hurumin, gara a bar wayar a fili cikin kwaroron roba mai marfi da ake kafawa a kan bango, kamar yadda aka saba yi a gidajen ƙasa na cikin birni, inda ake bin jikin bango ko azara da kilif. Mutane da yawa suna ganin wannan aikin talaka ne, suna gwammace a sassaƙa ko ta ina don bango ya fito sumul, alhali a ƙa'idar Ingilan kanta wayar da ke kan bango a bayyane ba a ɗora mata sharaɗin hurumi ko na zurfi ba.